Makadamiya da Takwarorinta a Ƙasar Arewa: Nazarin Kwatance kan Aduwa, Gawasa da Danya daga Mahangar Dogon Kiriya

Tsakure

Wannan maƙala ta bayyana siffofin bishiyar makadamiya ta fuskar ilimin tsirrai, ta auna buƙatunta da yanayin Dogon Kiriya da sauran ƙasar Arewa a jihar Dosso, sannan ta kwatanta ta da itatuwan gida uku masu ƙwaya mai maiƙo, wato aduwa da gawasa da danya. Nazarin ya nuna cewa ƙasar noman yankin za ta iya karɓar makadamiya, amma zafin bazara da ƙarancin ruwa suna faɗowa daidai lokacin da bishiyar ta fi rauni. Ya kuma nuna cewa fifikon makadamiya a kasuwa ya samo asali ne daga aikin zaɓen iri da auren itace da aka yi mata a ƙarni na 20, aikin da itatuwan Arewa suke jira har yanzu.

1.0 Gabatarwa

Ƙwayar makadamiya tana cikin 'ya'yan itatuwa mafiya tsada a kasuwar duniya. Afirka ta Kudu da Ostireliya da Sin da Kenya suna cikin manyan masu nomanta, Malawi ma ta daɗe a harkar. Ganin ƙasashen Afirka a wannan sahu yakan sa mai tunanin dashen itatuwan kasuwa a Sahel ya tambayi kansa ko bishiyar za ta yi a nan. Amsar tana hannun ilimin tsirrai kafin ta isa ga masana tattalin arziki, domin lissafin riba ba ya da tushe sai an tabbatar bishiya za ta yi fure, ta riƙe 'ya'yanta har su ƙosa.

An ɗauki Dogon Kiriya a matsayin ma'auni saboda matsayinta a taswira. Ƙaramar hukumar karkara ce a arewacin gundumar Dogon Dutsi, gundumar da ta haɗa da Matankari da Sukukutan da Ɗan Kasari da Kieshe. A kudu akwai gundumar Tibiri, wadda aka cire daga Dogon Dutsi a 2011, mai ɗauke da Gesheme da Dumega da Kore Mai Ruwa. Kwarin Dallol Mawri ya ratsa ƙasar daga arewa zuwa kudu har ya nufi Gaya. Ruwan sama yana raguwa ne yayin da ake hawa arewa, saboda haka bishiyar da ta jure Dogon Kiriya za ta jure sauran Arewa.

Manufar maƙalar ita ce a bayyana halittar makadamiya daki-daki, a gwada ta da kalandar yanayin yankin, sannan a gano abin da tarihinta zai amfana wa itatuwan da tuni suke tsaye a gonakin gero.

2.0 Waiwaye kan Ayyukan da Suka Gabata

Mutanen Ostireliya na asali sun daɗe suna cin ƙwayar makadamiya kafin ta shiga littattafan kimiyya. Ferdinand von Mueller, masanin tsirrai haifaffen Jamus da ya yi aiki a Melbourne, shi ya raɗa wa zuriyar suna a 1857 don girmama John Macadam, masanin sinadarai. Na tsawon lokaci ana cusa itatuwa da dama cikin zuriyar, har zuwa 2008 lokacin da Austin Mast da abokan aikinsa suka yi amfani da ƙwayoyin halitta suka taƙaita ta ga jinsi huɗu. A 2019 Catherine Nock da abokan aikinta suka nuna cewa mafi yawan irin da aka zaɓo a Hawai, aka kuma baza a duniya, ya fito ne daga wani ɗan yanki guda kusa da Gympie a Queensland.

Game da itatuwan gida, tushen rubutu shi ne aikin J. M. Dalziel, likitan da ya yi aiki a Arewacin Nijeriya. Ya fitar da A Hausa Botanical Vocabulary a 1916, sai The Useful Plants of West Tropical Africa a 1937. André Aubréville ya bi baya da Flore forestière soudano-guinéenne a 1950, Peyre de Fabrègues ya tattara sunayen tsirran Nijar a harsunan ƙasa cikin shekarun 1970, Michel Arbonnier kuma ya fitar da jagoransa na itatuwan busassun yankunan Afirka ta Yamma a 2000. Hall da Walker sun keɓe wa aduwa littafi guda a Bangor a 1991. A Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, Iro Dan Guimbo da abokan aikinsa sun yi nazarin gandayen gawasa na kudu maso yammacin Nijar a 2010.

Waɗannan ayyuka sun tabbatar da sunaye da siffofi da amfani. Raunin mafi yawansu shi ne sun tsaya a matakin jinsi, sun ɗauki duk aduwa a matsayin aduwa ɗaya. Roger Leakey, a aikinsa kan danyar kudancin Afirka, ya kauce wa wannan: ya auna 'ya'yan bishiya bayan bishiya, ya nuna cewa bambancin da ke tsakanin ɗaiɗaikunsu shi ne jarin mai son inganta iri. Wannan maƙala tana bin ra'ayinsa.

3.0 Hanyar Bincike da Keɓaɓɓun Kalmomi

Nazarin na kwatance ne, an gina shi a kan bayanan da masana suka riga suka tabbatar. An duba kowace bishiya ta fuskar saiwa, ganye, fure da barbara, ginin ɗa, da abin da ƙwaya ta ƙunsa, sannan aka jera matakan rayuwarta a kan lokutan shekara kamar yadda manomin Arewa ya san su: damina, kaka, ɗari da bazara. Ƙananan lissafan da ke cikin maƙalar an fitar da su ne daga alƙaluman da aka ambata a wurin.

A rabe-raben tsirrai an yi amfani da dangi ga babban rukuni, zuriya ga rukunin da ke ƙarƙashinsa, jinsi ga bishiya takamaimai, iri kuma ga abin da manomi ya zaɓa ya yaɗa. A ginin ɗa, ɓawo shi ne fatar waje, tsoka ita ce sashen da ake tsotsa ko ci, kwasfa ita ce suturar nan mai tauri, ƙwaya ita ce abin da ke ciki. Kwasfa da ƙwaya a haɗe su ne ƙwallo. Kason ƙwaya yana nufin nauyin ƙwaya cikin ɗari na nauyin busasshen ƙwallo.

4.0 Siffofin Makadamiya

4.1 Asali da rabe-rabe

Makadamiya 'yar dangin Proteaceae ce, asalinta dazuzzukan ruwa na gabashin Ostireliya, a kudu maso gabashin Queensland da arewa maso gabashin New South Wales. Jinsi biyu ake ci. Macadamia integrifolia tana fitar da ganye uku-uku a gaɓa ɗaya, gefen babban ganyenta sumul yake, furenta fari, kwasfarta mai santsi. Macadamia tetraphylla tana fitar da huɗu-huɗu, gefen ganyen yana da haƙora masu tsini, furen ja-ja ne, kwasfar kuma tana da kaushi. Jinsunan biyu suna barbarar juna, kuma daga haɗinsu aka samu iri kamar Beaumont da ya yaɗu a Afirka ta Kudu. Sauran biyun, M. ternifolia da M. jansenii, ƙwayarsu ƙarama ce mai ɗaci saboda sinadarin da ke sakin gubar sayanayid.

4.2 Jiki da saiwa

Bishiya ce da ba ta kaɗe ganye, takan kai mita 15 ko fiye idan ba a rage mata kai ba. Itacenta yana da tauri amma yana saurin tsagewa a mahaɗar rassa. Uwar saiwarta ba ta nisa, mafi yawan saiwoyin da take sha da su suna kwance ne kusa da saman ƙasa. Wannan gini ya dace da dajin da ganye ke rufe ƙasa, danshi kuma ba ya yankewa, amma yana sa iska mai ƙarfi ta tumɓuke ta cikin sauƙi.

Abin da ya fi jan hankali a saiwarta shi ne dunƙulen ƙananan jijiyoyi da ke fitowa cunkus a wuri ɗaya kamar bakin tsintsiya. Jijiyoyin suna fitar da ruwa mai tsami da ke narkar da fosfor ɗin da ya maƙale a ƙasa. Da su ne dangin Proteaceae suka rayu a tsofaffin ƙasashe marasa ƙarfi. Saboda haka makadamiya ba ta buƙatar fosfor mai yawa, idan ma aka cika mata shi sai ganyenta ya ɗashe don ta kasa jan sinadarin ƙarfe.

4.3 Fure da barbara

Furen yana fitowa ne a zangarniya mai saukowa ƙasa, tsawonta santimita 10 zuwa 30, tana ɗauke da fure 100 zuwa 300. Kowane fure yana da ɓangaren namiji da na mace, sai dai ƙurar namijin tana riga macen shiryawa, kuma yawancin iri ba sa karɓar ƙurar kansu sosai. Don haka ake gauraya iri biyu ko fiye a gona ɗaya, a kuma ajiye amya, domin ƙudan zuma, manya da ƙananan nan marasa harbi, su ne masu ɗaukar ƙurar. Duk da haka 'ya'ya ƙalilan ne ke kaiwa ga ƙosawa a kowace zangarniya. Sauran suna zubewa cikin watanni biyu na farko, zubar kuma tana ƙaruwa idan zafi ya haura digiri 30 ko ƙasa ta bushe.

Sanyin dare ne ke tayar da furen. Bishiyar tana ƙulla tohon fure idan dare ya sauka ƙasa da kimanin digiri 18 na tsawon makonni, furen kuma ya buɗe bayan sanyin ya fara ja baya.

4.4 Ɗa da ƙwaya

Ɗan makadamiya yana da koren ɓawo mai kauri da ke tsagewa ta gefe ɗaya idan ya ƙosa. A ciki akwai ƙwallo mulmulalle, faɗinsa santimita 2 zuwa 3. A ilimin tsirrai kwasfar makadamiya rigar iri ce da ta yi tauri. Wannan ya bambanta ta da aduwa da gawasa da danya, waɗanda kwasfarsu bangon ciki ne na ɗan itacen. Kwasfar tana ƙanƙarewa wata uku zuwa huɗu bayan fure, daga nan ne ƙwaya take fara tara mai, ta kammala a wata na shida ko na bakwai, ɗan ya faɗo da kansa a tsince shi a ƙasa.

Ƙosasshiyar ƙwaya tana ɗauke da mai kashi 72 cikin ɗari ko fiye, mafi yawansa asid ɗin oleyik, sai falmitoleyik wanda ba kasafai ake samunsa da yawa a man tsirrai ba. Masana'antu suna tantance inganci da ruwa: ƙwayar da ta kai wannan ma'auni tana tasowa sama, wadda ba ta ƙosa ba ta nutse. Kason ƙwaya a zaɓaɓɓun iri yana tsakanin 30 da 40. Bishiyar aure tana fara haihuwa a shekara ta huɗu ko ta biyar, ta cika ƙarfi bayan shekara goma.

5.0 Makadamiya a Ma'aunin Yanayin Dogon Kiriya

Ta fuskar ƙasa babu babbar matsala. Jigawar Arewa rairayi ce mai tsane ruwa, tana da ɗan tsami, kuma fosfor ya yi mata ƙaranci, siffofin da makadamiya ta saba da su. Fako mai marmara a kan tuddai bai dace da ita ba, haka ma wuraren da kanwa ko gishiri ke tasowa a kwari.

Ruwa shi ne cikas na farko. Makadamiya tana son milimita 1,000 zuwa 2,000 a shekara, a rarrabe cikin watanni. A arewacin Dogon Dutsi ruwan shekara ba ya cika wuce milimita 500, kuma kusan dukkansa yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba. Milimita ɗaya a hekta ɗaya daidai yake da mita-kubik 10, don haka giɓin milimita 500 yana nufin mita-kubik 5,000 na ban ruwa a kowace hekta duk shekara. Wannan ma mafi ƙarancin lissafi ne, tun da abin da rana da iska ke iya ƙafarwa a Sahel ya haura milimita 2,000 a shekara. A tsakiyar dallol, inda ruwan ƙarƙashin ƙasa yake kusa, ana iya tunanin haka. A kan tudu, inda rijiya ke cin gaba da yawa, wannan ruwa na mutane ne da dabbobi.

Cikas na biyu, wato zafi, ya fi wuyar magani, domin famfo ba ya sanyaya iska. Daren Disamba da Janairu a Arewa yakan sauka zuwa wajen digiri 15, wanda ya isa ya tayar da fure. Ke nan furen zai buɗe a Fabrairu ko Maris, ƙananan 'ya'ya su ƙullu a Afrilu da Mayu, watannin da zafin rana ke wuce digiri 40, iska kuma ta bushe ƙayau. Matakin da bishiyar ke zubar da 'ya'ya ko a digiri 30 ya faɗo ke nan a tsakiyar bazara. Sabon tohon ganye ma yana ɗashewa ya ƙone a irin wannan zafi. Abin da ya tsira zai tarar da guguwar farkon damina, alhali saiwar ba ta da zurfin riƙe bishiyar.

Wuraren da ake nomanta a Afirka suna tabbatar da wannan. A Kenya tana yi ne a tsaunukan Embu da Meru da Murang'a, ƙasar kofi. A Malawi tana Thyolo, ƙasar shayi. A Afirka ta Kudu tana Limpopo da Mpumalanga da KwaZulu-Natal, nesa da tsakiyar duniya. Ƙasar Arewa ba ta fi mita 200 zuwa 300 a saman teku ba. A yankinmu, tsaunukan Jos da Mambila ne suka yi kusa da yanayin da take so. Hukuncin maƙalar shi ne ana iya rayar da makadamiya ɗaya ko biyu a lambu mai inuwa da ruwa, amma bai kamata a shawarci manomin Dogon Kiriya ya zuba dukiyarsa da shekarunsa a gonarta ba.

6.0 Itatuwan Gida Masu Ƙwaya Mai Maiƙo

6.1 Aduwa

Aduwa, Balanites aegyptiaca, 'yar dangin Zygophyllaceae ce. Delile ne ya ba ta wannan suna a 1813. Takan kai mita 10, kowane ganye ya rabu biyu, ƙayarta kore ce mai tsawon da zai kai santimita 8. Koren ƙaya da na ƙananan rassa yana ba ta damar ci gaba da sarrafa hasken rana ko da ganye ya ragu. Uwar saiwarta tana nutsawa ƙasa sosai, wasu saiwoyin kuma suna bazuwa nesa da gindi, shi ya sa take rayuwa inda ruwan shekara bai fi milimita 250 ba, a rairayi ko a laka. Tana fara haihuwa a shekara ta biyar zuwa ta bakwai, tana kuma iya wuce shekara ɗari. 'Ya'yanta suna nuna a lokacin ɗari, wato tana kammala aikinta kafin zafin da zai karya makadamiya ya iso.

A Arewa ba a jefar da komai nata. Ana tsotsar tsokar, ana kwaɗon dubagara da sabon toho da fure, awaki da raƙuma suna cin ganyen a tsakiyar rani, masassaƙa suna fitar da allo da ƙota daga itacen. Awaki suna cin 'ya'yan su tofar da ƙwallon a garke, wanda ke sauƙaƙa tarawa.

Ma'aunan da aka wallafa sun nuna kwasfa tana ɗaukar kusan rabin nauyin ɗan aduwa, tsoka kusan kashi 30, ƙwaya kashi 8 zuwa 12. Idan aka lissafa da ƙwallo kaɗai, kason ƙwaya yana wajen 16 ko 17, rabin na makadamiya ke nan. Ƙwayar tana ɗauke da mai kashi 40 zuwa 50. Kilo 100 na 'ya'yan aduwa zai ba da ƙwaya wajen kilo 10, man da ke cikinta kuma bai wuce kilo 5 ba. Wannan lissafi ya bayyana dalilin da ya sa man aduwa bai zama babbar sana'a ba duk da yawan bishiyar: wahalar fasa ƙwallo ɗaya-ɗaya da dutse, wadda mata ne ke ɗaukarta, ta fi abin da ke fitowa. Sai kuma ɗaci. Ƙwayar tana da safonin, sinadarin nan mai kumfa, dole a dafa ta a jiƙa a sauya ruwa kafin a ci. Man da aka tatsa dai ana girki da shi, kuma kamfanin Sahara Sahel Foods da aka kafa a Zinder a 2014 yana sarrafa shi don sayarwa.

6.2 Gawasa

A siffar ƙwaya gawasa ce ta fi kusa da makadamiya. Joseph Sabine ya bayyana ta a 1824 da sunan Parinari macrophylla, daga baya aka ware mata zuriyarta ita kaɗai, ta zama Neocarya macrophylla a dangin Chrysobalanaceae. Zabarmawa suna kiranta gamsa. Gajeriyar bishiya ce mai karkataccen gindi da kaurin rassa, ba ta cika wuce mita 10 ba. Ganyenta babba ne mai kauri, ƙasansa da farin gashi, ƙananan rassan kuma da jan gashi. Ɗanta ya kai santimita 4 zuwa 5, ɓawon yana da ɗige-ɗige, tsokar tana da gari-gari da zaƙi. Kwasfar tana da kauri ƙwarai, cikinta ɗaki biyu ne masu shimfiɗar gashi mai laushi da a da ake kama wuta da shi, ƙwaya ɗaya ko biyu a ciki. Ƙwayar ba ta da ɗacin ta aduwa, ana cinta ɗanya ko soyayya, ana kuma daka ta a miya. Mai ya kai rabin nauyinta ko ya fi.

Abu biyu ne ke iyakance ta. Na farko mazauni: gawasa bishiyar rairayi ce mai ruwa a kusa. Tana bin gaɓar teku daga Senegal zuwa Laberiya, a Nijar kuma matattararta dallol-dallolan jihar Dosso ne, musamman Dallol Bosso a wajen Birnin Gaure. A ƙasar Arewa wurinta tsakiyar kwari ne, kuma damarta tana ƙaruwa yayin da aka gangara kudu ta Tibiri. Tuddan Dogon Kiriya na aduwa ne. Na biyu, man gawasa yana ɗauke da asid ɗin eliyositiyarik, wanda ke sa mai ya daskare idan ya sha iska. Siffa ce da masu fenti ke nema, amma tana gajarta kwanan man girki da na ƙwayar da aka fasa aka ajiye. Duk shirin kasuwancin gawasa dole ya fara da batun adanawa.

Akwai kuma abin damuwa a gandayen kansu. Manyan itatuwa sun tsufa, masu tasowa ba su da yawa, domin ana kwashe 'ya'yan kaf, ɗan abin da ya tsiro kuma hauya ko akuya ta gama da shi.

6.3 Danya

Danya, Sclerocarya birrea, dangin mangwaro da kashu ce. Tana kaɗe ganye da rani, ɗanta kuma, wato nunu, yana nuna gab da faɗuwar damina. Ƙwallonta yana da ɗaki biyu ko uku, kowane da ɗan murfinsa, ƙwayar tana da daɗi da mai fiye da rabin nauyinta, mai jure ajiya. A Namibiya ƙungiyar mata ta Eudafano tana fitar da wannan mai zuwa kasuwar kayan shafa ta duniya. Abin lura ga mai dashe shi ne danya tana da namiji da mace a bishiya dabam-dabam, kuma ba a gane su sai sun yi fure.

7.0 Zaɓe da Aure

Makadamiyar da William Purvis ya kai Hawai a farkon shekarun 1880 bishiyar daji ce. Gonakin farko duk daga ƙwallo aka shuka su, sai aka samu wata bishiyar tana haihuwa wata ba ta yi, wata kwasfarta siririya wata kuma kusan babu ƙwaya a ciki. Aure ya ƙi kamawa shekaru da yawa. A 1937 Jones da Beaumont na tashar binciken noma ta Jami'ar Hawai suka ba da rahoton nasara, bayan an gane cewa idan aka zagaye reshe da yanka a ɓawonsa makonni kafin a cire shi, abinci yana taruwa a cikinsa ya ba shi ƙarfin kamawa. A 1948 W. B. Storey ya raɗa wa zaɓaɓɓun iri na farko suna, cikinsu akwai Keauhou da Kakea, bayan an tace dubban itatuwa. Kason ƙwaya na 30 zuwa 40 da aka ambata a sama sakamakon wannan aiki ne.

Aduwa da gawasa da danyar da ke gonakin Arewa tsiron Allah ne, kowace da halinta. Mata masu tsinta da yara masu kiwo sun san aduwar da tsokarta ta fi zaƙi da wadda ƙwallonta ke fashewa da bugu ɗaya. Ilimin tsirrai ya ba da dalilin dogaro da wannan sani. Kwasfa, ko ta kasance rigar iri kamar a makadamiya ko bangon ɗa kamar a aduwa, daga jikin uwa take ginuwa, ƙurar namiji ba ta da hannu a halittarta. Reshen da aka ɗauko daga uwa mai siririyar kwasfa zai ci gaba da ba da siririyar kwasfa a duk gindin da aka aura masa. Ƙwaya kuwa ɗan tayi ne, rabinta daga uba, don haka girmanta da ɗacinta suna iya motsawa gwargwadon itatuwan da ke kewaye. Shuka ƙwallon bishiya mai kyau ba ya ba da wannan tabbaci.

Dabarar ba baƙuwa ba ce a Nijar. Masu lambu sun saba da mangwaro ɗan aure. A shekarun 2000 cibiyar ICRISAT da ke Sadore, ƙarƙashin jagorancin Dov Pasternak a wannan fanni, ta yaɗa auren magaryar Indiya irin su Gola da Umran a kan gindin magaryar gida, abin da aka sani da Pomme du Sahel. Masu bincike a Senegal sun gwada auren aduwa da danya a farkon shekarun 2000, ya kuma kama. Gindin da za a aura wa ma yana nan: sassaben zamani, wanda ya faro a jihar Maraɗi a 1983, yana barin tohon kututture a gona, kuma toho mai tsohuwar saiwa ya fi dashen gandun reno jure rani. Dokar gandun daji ta 1974 ta sa itatuwan nan uku cikin waɗanda aka hana sarewa, abin da ya kare su amma ya sa manomi yana ɗari-ɗari da bishiyar gonarsa. Dokar da gwamnati ta fitar a Yulin 2020 kan renon toho ta amince masa da haƙƙin abin da ya rena.

Matakin farko aikin awo ne da cibiyar binciken noma ta INRAN da jami'o'in ƙasa za su iya yi da sikeli da ma'aunin kauri. A bar masu tsinta su nuna itatuwan da suka fi so, a yi musu lamba, a auna kason ƙwaya da kaurin kwasfa da yawan mai da ɗaci na shekara uku a jere, domin haihuwar shekara ɗaya tana iya zama albarkacin damina mai kyau. Ga danya a bar namiji a kowane rukunin mata. Binciken Nock ya nuna haɗarin da ke cikin gina noma a kan tsatso ɗaya, inda cuta ko ƙwaro guda zai iya shafar gonaki baki ɗaya. Saboda haka iyayen aduwa su fito daga wurare masu nisa da juna, daga tuddan Dogon Kiriya da Sukukutan, da kwarin Matankari, da gonakin Gesheme, a kuma killace kowane sabon aure da ƙaya har ya fi ƙarfin bakin akuya.